Wankin radiyater a gida: lamarin wata Sienna a unguwar Zariya

Motar Toyota Sienna ce, ƙirar 2005, irin waɗanda ake haɗawa a jihar Indiyana ta Amurka. Can ta ci ƙuruciyarta, sannan ta biyo jirgin ruwa kamar sauran ƴan'uwanta, ta ƙare a hannun wani Alhaji mai shagon yadi da ke zaune a unguwar Zariya, nan Maradi. Injinta V6 ne mai lita 3.3, kai da gangar jiki duk alminiyam. Aikinta kai yara makaranta da zuwa kasuwa, sai kuma zumunci Tasawa ko Damagaram idan biki ko rasuwa ta taso, a cika ta maƙil, kaya har saman rufi.

Ƙorafin ya fara ne da shigowar bazara. Allurar zafi, wadda a da ko tsakiya ba ta kaiwa, sai ta koma hawa a wurare biyu: cikin cunkoson bakin babbar kasuwa idan kilim na kunne, da kuma kan kwalta idan an yi nisa da lodi. Alhaji ya yi abin da kusan kowa ke yi, ya ajiye jarkar ruwan pompo a bayan mota, kullum da safe ya buɗe kapo ya ƙara. Ina ruwan yake tafiya, bai sani ba, don bai taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba.

Da aka bi tarihi, sai aka samu bakin zaren. Motar ta iso ƙasar nan da gilasiyol ɗinta na asali, wato ruwan magani da ake zuba wa radiyater, mai launin ruwan hoda. Wata rana tiyon sama ya fashe a hanya, wani makanike na bakin titi ya sa sabo, ya cika da ruwan rijiya, kuma tun da hannunsa na ciki ya zare termosta, ƴar ƙofar nan da ke tsare ruwa sai inji ya yi zafi ta buɗe, ya miƙa wa Alhaji, wai kayan ƙasar sanyi ne, mu nan ba ruwanmu da shi. Tun daga ranar, shekaru ke nan, ruwa zalla take sha.

Ɗan ƴar'uwar Alhaji, wanda ke koyon makanikanci a wani garaji, shi ya ce a yi aikin a gida ranar da ba su buɗewa. Na goyi bayansa, ni da aka kira a matsayin maƙwabci mai ɗawainiya da tsofaffin motoci. Wankin radiyater bai buƙatar wata gwaninta mai zurfi, jira yake buƙata, kuma a garaji, inda motoci ke layi, da wuya ka samu wanda zai zauna jiran inji ya huce har sau uku.

Kafin a kwance komai

Yaron ya zo da zafinsa, har ya tura roba ƙarƙashin mota. Aka ce ya dakata. Idan juwan kilas ya ƙone, wato shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, to duk gilasiyol ɗin da ka zuba asara ce. Da sanyin safiya, inji bai tashi ba tun jiya, aka zaro sandar auna mai: baƙi ne sosai, amma babu wannan fari-farin da ke nuna ruwa ya shiga mai. Ƙarƙashin murfin mai ma tsaf. Aka cika radiyater har wuya, aka tayar da inji murfi a buɗe, aka zuba ido ko kumfa za ta riƙa tasowa ba ƙaƙƙautawa. Ba ta taso ba. Salansa ba farin hayaƙi. Da aka kunna kilim, fankoki biyu na lantarki suka tashi tare. Alhaji ya yi hamdala, don shi a ransa ya riga ya fara lissafin kuɗin buɗe inji.

Abu biyu aka kama nan take. Na farko murfin radiyater: robar da ke ƙarƙashinsa ta bushe ta tsattsage, sifirin ɗinsa ya saki. Mutane na raina murfin nan, alhali shi ke riƙe da matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwa zalla a buɗe yana tafasa a digiri 100. Rabin ruwa rabin gilasiyol yana kaiwa wajen 107. Amma a rufe su da murfi mai riƙe matsi kamar yadda aka rubuta a samansa, 0.9 ko 1.1, sai an kai wajen 120 ko fiye kafin a ga tafasa. Motar Alhaji ba gilasiyol, ba matsi, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa. Ruwan yana tafasa ne a lungunan kan inji, ya tunkuɗa zuwa ƙaramin tankin roba da ke gefe, ya malale a hanya yana tafiya. Shi ya sa ba ya ganin ɗigo a ƙofar gida.

Na biyu, tsakanin radiyater da na kilim da ke gabansa. Da aka haska fitila, sai ga ƙurar hunturun shekaru ta haɗu da ƴaƴan ciyawa, gashin tsuntsu da guntun leda, ta zama tabarma. Iska ba ta ratsawa yadda ya kamata. Wannan da ruwa marar ƙarfi aka wanke shi, daga ɓangaren inji zuwa waje, don ruwa mai ƙarfi irin na wajen wankin mota yana lanƙwashe siraran fikafikan.

Abin da za a zuba

A nan aka ɗan yi gardama. Alhaji ya ce shi fa bai ga laifin ruwa ba, tun da ƙanƙara ba ta sauka Maradi. Gaskiya yana da hujja rabi. Wajen ɗaukar zafi, ruwa zalla ya fi gilasiyol. Abin da ruwa bai da shi shi ne magungunan hana tsatsa da cin ƙarfe da ke narke cikin gilasiyol. Cikin injin nan akwai alminiyam, akwai baƙin ƙarfe, akwai roba, duk ruwa ɗaya ke zagaya su da zafi. Ba magani, ƙarfe ya yi tsatsa, alminiyam ya riƙa zubar da wani farin gari, bakin pompar ruwa ya fara ci. Ga kuma ruwanmu na pompo da na rijiya, daga ƙarƙashin ƙasa yake, da ma'adinansa. Duk wanda ya leƙa gindin tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da ke manne a wurin, ya ga abin da ke taruwa cikin bututun radiyater, waɗanda ramukansu ko tsinken ashana sai da dabara zai shiga. Kuma kowane ƙari na safe sabon ma'adini ne, don ruwan ke tafiya, ɓawon yana zama.

Littafin motar ya nemi gilasiyol na Toyota mai ruwan hoda, wanda ke zuwa a haɗe rabi da rabi, ko makamancinsa da aka yi da etilen gilikol, wato ainihin sinadarin da ake haɗawa da ruwan, marar sinadaran silikat da borat. Launi kuwa rini ne kawai. Ja, kore, shuɗi, babu wanda ke gaya maka abin da ke ciki, sai ka karanta jikin jarka. A shagunan kayan mota za ka ga wasu an rubuta −25, wasu −35 ko −37. Lambar daskarewa ce, amma mu abin da take gaya mana shi ne kauri: mai −37 shi ne rabi da rabi, mai −25 ya fi shi ruwa. Wanda ba lamba, ba bayanin abin da ke ciki, kuma arha ya yi yawa, a bar shi inda yake. Alhaji ya sayo jarka biyu masu lita 5 na rabi da rabi, da sabon murfi, da termosta, da jarkokin tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir. Sai da na sa aka karanta jikinsu, don a shago ɗaya ake ajiye shi da ruwan asid na batir, kuma ido ba ya bambanta su.

Wankin

Aka ajiye motar a inuwar bedi, aka danne tayoyi da duwatsu. Yaron ya zura hannu ƙasan radiyater ya murɗe ƴar maƙunnar roba ta tsiyaya, a hankali, don idan ta tsufa karyewa take. Abin da ya fito launin jar ƙasa ne, da laka-laka a ƙarshe. Sannan ya shiga ƙarƙashi da kile mai lamba 10 ya saki wuraren tsiyaya biyu na jikin inji, ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya wajen da hannu ke shan wuya. Na ce kada a zubar da komai sai an auna. Aka juye cikin jarkar da aka san girmanta, ya tashi lita 6 da ɗan ɗigo.

Ya kawo shawarar a zuba garin sabulu, wai haka wasu ke yi. Aka hana. Sabulu kumfa yake bari wadda fitar da ita aiki ne, soda kuwa, irin ta yin sabulu da wasu ke jefawa, cin alminiyam take yi kai tsaye. Ruwa kawai aka yi amfani da shi.

Rashin termosta, wanda shi ne ɓarna, a nan ya yi rana. Da yana ciki, dole kowane zagaye a jira inji ya yi zafi ya buɗe, sannan a jira ya huce. Tun da babu shi, ruwa na zagayawa ko'ina da zarar an tayar. Saboda haka aka bar sa sabon sai ƙarshe. A cika da ruwan pompo, a tayar na ƴan mintoci, a kashe, a bari ya lafa, a tsiyaye. Launin ya riƙa sauka daga jar ƙasa zuwa na shayi marar ƙarfi, har ya zama garau. Ko da yake injin bai yi zafi sosai ba, ba a zuba ruwan sanyi a kansa da ɗumi ba, sai an taɓa an ji hannu na iya zama. An cire tiyo biyu na shofaji, wato na'urar ɗumama cikin mota, da ke shiga bayan inji an tura ruwa ta baya-baya, sai ga wata sabuwar laka da zagayen baya bai taɓa ba. Ƙaramin tankin roba aka cire shi gaba ɗaya, aka zuba tsakuwa da ruwa aka girgiza har layukan da ke jikinsa suka fito. Zagaye biyu na ƙarshe da tataccen ruwa aka yi.

Sannan termosta. Yana nan inda babban tiyon ƙasa ke shiga inji, yana fara buɗewa wajen digiri 82. Yana da wata ƴar ƙusa mai motsi a gefen faifansa, ita ake sawa ta kalli sama don iska ta samu hanyar wucewa. Masu cire shi suna ganin sun buɗe wa ruwa hanya. Abin da ke faruwa shi ne, da safe, musamman lokacin ɗari, inji na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta riƙa ba shi mai fiye da kima, ga saurin lalacewa. A injina da dama ma, termosta idan ya buɗe shi ke toshe ƴar gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai je radiyater ba. In babu shi, hanyar na nan a buɗe ko da inji na ci da wuta.

Lissafin da ya tsayar da aikin

Yaron ya ɗauko jarkar farko zai zuba, sai na tambaye shi lita nawa motar ke ci. Ya ce ai shida muka fitar. To shida muka fitar, amma Sienna irin wannan tana ɗaukar wajen lita 11. Dalili kuwa, shofaji biyu gare ta, na gaba da na baya, kuma na bayan bututu ne dogaye suka bi ta ƙarƙashin mota har kusa da tayar baya suna kai masa ruwa. Mu nan ba mai kunna shofaji, har mun manta da shi, amma ruwa na nan kwance a ciki. Ma'ana, bayan duk wankin nan, kusan lita 5 na ruwa zalla na zaune a inda maƙunnar tsiyaya ba ta kaiwa.

Alhaji ɗan kasuwa ne, shi ya ƙarasa lissafin da kansa a ƙasa da tsinke. Lita 6 na rabi da rabi, gilikol ɗin da ke ciki lita 3 ne. Uku cikin goma sha ɗaya, kashi 27 cikin ɗari ke nan, ko sulusi bai kai ba. Kuma magungunan hana tsatsar su ma haka za su tsinke. Nan ne aikin gida da na garaji da yawa ke faɗuwa ba a sani ba: a wanke tas, a zuba mai tsada, a leƙa wuya a ga launi ya yi kyau, alhali abin da ke ciki rabin ƙarfinsa ne. Launi yana nan ko da an tsinka shi.

Hanya biyu ce. Mafi sauƙi, a samu gilasiyol marar haɗi, tsantsa, a zuba lita 5 da rabi, ruwan da ya rage a ciki shi ne haɗinsa, a ƙarasa da tataccen ruwa. Wannan ne ma dalilin yin zagayen ƙarshe da tataccen ruwa, tun da shi zai zauna. Amma tsantsa irin wanda ya dace da wannan injin ba a same shi a shagunan da aka zaga ba. Sai hanya ta biyu: a zuba lita 6, a yi amfani da motar ta gauraye sosai, a sake tsiyaye 6, a sake zuba sababbi 6. Lita 5 da suka rage a karo na biyu suna ɗauke da gilikol kusan lita 1.4, a haɗa da 3, ya zama 4.4 cikin 11, kashi 40 cikin ɗari. A garin da ba a tsoron daskarewa, wannan ya wadatar.

“Wato sai na ƙara jarka ta uku,” in ji Alhaji.

“Sai haƙuri, Kawu,” in ji yaron. “Ko ita, ko radiyater.”

Fitar da iska

Bayan ruwa, abu na biyu da ke maƙalewa a ciki iska ce, kuma ita ta fi saurin nuna hali. Aljihun iska a kan inji wuri ne da ruwa ba ya taɓawa, sai ya yi zafi shi kaɗai, allura ta riƙa hawa da sauka ba dalili. Aka juya motar aka hau da tayoyin gaba kan tudun ƙofar gida don wuyan radiyater ya zama shi ne mafi tsawo. Aka yanke gindin gorar ruwa, aka naɗe bakinta da tef har ya zauna daram a wuyan, ta zama mazurari. Zubawa a hankali, ana matsa manyan tiyo biyu da hannu, kana jin ƙul-ƙul, kumfa na fitowa ɗaya-ɗaya.

Aka tayar, kilim a kashe, shofaji na gaba da na baya a ƙure. Tsakar rana a bazara, ƙanen yaron da aka zaunar kujerar baya ya riƙe hannu a bakin iskar ƙasa yana zufa yana ƙunƙuni. Aikinsa ɗaya ne, ya faɗi lokacin da iskar ta yi zafi. Ita ce shaidar cewa ruwa ya kai can. Na gaba ya yi zafi da wuri. Na baya ya daɗe yana busa iska mai ɗumi-ɗumi, sai da aka riƙa taka totur zuwa wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti ana saki, kumfa manya suka fito a mazurari, sannan ƙanen ya janye hannu da sauri. Can kuma tiyon ƙasa da ke sanyi ya ɗau zafi, ruwan mazurari ya zurma ƙasa lokaci guda, alamar termosta ya buɗe. Aka ƙara. Aka jira fankoki suka tashi suka tsaya har sau biyu, kowa hannunsa da hannun rigarsa nesa da su, don ba sa sallama kafin su tashi. Aka kashe, aka bari ya huce, aka cika, aka sa sabon murfi, ƙaramin tanki zuwa layin sama. Washegari da safe ya sauka kaɗan, aka cike. Haka ake so, ragowar iska ce ta fita.

Bayan ƴan kwanaki ana zirga-zirga cikin gari, aka yi tsiyaya ta biyu da zubawa, aka sake fitar da iska. Wannan karon abin da ya fito ba ruwan tsatsa ba ne, akwai gilikol a ciki, kuma gidan akwai awaki, kaji da yara ƙanana. Etilen gilikol zaƙi gare shi, dabba na lasa, yaro na iya kurɓa, kuma kaɗan ya isa ya kashe ƙoda. Wanda ya sha, da farko kamar mai maye yake, sai daga baya abin ya tsananta, saboda haka asibiti ake nufa nan take, ba a jiran alama. Aka kulle awakin kafin a fara, inda ya ɗiga aka rufe da yashi aka kwashe. Lita shidan ba a zubar a kwata ba. Aka tace su da ƙyalle aka mayar cikin jarkokinsu na asali, aka yi rubutu da alƙalami mai kauri. Ɗaya ta maye gurbin jarkar ruwan pompo a bayan mota, don ko banza ta fi ruwa zalla idan hanya ta yi halinta.

Abin da ya biyo baya

Allura ta koma zama ƙasa kaɗan da tsakiya, wuri ɗaya, ko da safe ko da rana. Alhaji da farko hankalinsa ya tashi, don ya saba ganinta can ƙasa, sai da aka bayyana masa cewa nan ne mazauninta. Cikin cunkoson kasuwa da kilim, ba ta motsa ba. Ƙarin ruwa na safe ya tsaya.

Amma wankin ya tona abu biyu. Mako bai cika ba sai ga wani ɓawo mai ruwan hoda a mahaɗar ɗaya daga cikin bututun shofajin baya, ƙarƙashin mota. Ramin ya daɗe a wurin, laka ce ta toshe shi. An canza guntun tiyon da maɗaurinsa. Na biyun ya fito ne a tafiyar Tasawa da mota cike: bayan an wuce Gazawa, rana tsaka, allura ta ɗan ɗaga sama da mazauninta, da aka kashe kilim ta dawo. Da aka dawo gida aka kashe inji, aka jira fankoki suka yi shiru aka cire kan batir, yaron ya bi bayan radiyater da tafin hannu. Akwai wani yanki da ya fi sauran sanyi sosai. Bututun wurin sun toshe da ɓawo, kuma ruwan wanki ba ya shiga inda ruwa ba ya wucewa. Radiyater ne mai kai na roba da ciki na alminiyam, ba irin tsofaffin na tagulla da ake buɗewa a soke ba. Sauyi ne maganinsa.

An tsayar cewa kafin tafiyar Damagaram ta gaba za a sa sabo, kuma a wannan karon a garaji, don a haɗa da pompar ruwa da bel ɗin taimin, mai daidaita juyin sassan inji, tun da a injin nan bel ɗin ne ke juya pompar, kuma babu wanda ya san ranar da aka canza su. Gilasiyol ɗin da ke ciki za a tare shi a roba mai tsafta a mayar. Yaron ya rubuta ranar aikin da lambar da ke kan mita a jikin tef ya manna ƙarƙashin kapo. Ya ƙara da cewa canji na gaba bayan shekara 5 ko mil 50,000, don mitar motar Amurka mil take ƙirgawa, wanda ya yi daidai da wajen kilomita 80,000.